Baƙon da jihohi uku suka tura Majalisar Dattawa

Jama'a, rubutun yau zai ɗan yi tsawo. Wanda ke sauri ya ajiye shi sai bayan isha'i.

Wata magana ce ta taso mana a ofis cikin makon nan. Wani abokin aikinmu, mun fi shekara goma muna tare, 'yarsa ta je karɓar takardar indijin don ta cike fom ɗin tallafin karatu, aka ce mata ta koma garin kakanta ta karɓo a can. Kakan nan tun kafin a samu 'yancin kai ya zo garin nan, a nan ya yi kasuwancinsa, a nan ya rasu, a nan aka binne shi. Uban a nan aka yanke masa cibiya. Ita kuwa yarinyar ko tashar da ake shiga motar wancan garin ba ta sani ba. Muka zauna kowa yana "Allah ya kyauta", aka kira salla, magana ta mutu. Ni dai ba ta mutu a raina ba, domin tun ranar nake ta tuna wani Bature da na taɓa karanta tarihinsa, mai suna James Shields. Lauya ne, ya yi alƙali a kotun ƙoli ta jiha, ya yi janar na soja, kuma har gobe shi kaɗai ne mutumin da ya taɓa zama sanata a Amurka daga jihohi uku daban-daban. Ba a Amurka aka haife shi ba. A jirgin ruwa ya zo, yana saurayi.

An haife shi a wani ƙauye da ake kira Altmore, a gundumar Tyrone ta ƙasar Ayilan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila. Gidansu 'yan Katolika ne. A lokacin Ayilan tana ƙarƙashin mulkin Landan, kuma doka ta hana ɗan Katolika zama a majalisar Birtaniya, sai a 1829 aka ɗage wannan haramci. Ke nan lokacin da ya bar gida a tsakiyar shekarun 1820, a ƙasar da kakanninsa suke kwance, ba shi da damar zama ɗan majalisa ko da kowa na sonsa.

Yawo ya kai shi Kaskaskia, wani gari kusa da kogin Mississippi wanda shi ne babban birnin jihar Illinois na farko. Can ya yi koyarwa, ya karanta shari'a, ya zama lauya a 1832. A 1836 aka zaɓe shi majalisar dokokin jiha, inda ya zauna da wasu samari biyu da duniya za ta san su daga baya: Stephen Douglas, ɗan jam'iyyarsu ta Dimokurat, da Abraham Lincoln na jam'iyyar Whig. Abin da ya ɗaure mini kai da na fara karantawa shi ne, sai a watan Oktoba na 1840 ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Illinois ta wancan zamani jiha ce sabuwa mai yunwar mutane. Dokarta ta ba duk namiji farar fata baligi da ya zauna wata shida damar jefa ƙuri'a, ko yana da takardar ɗan ƙasa ko ba shi da ita. Fili ga shi nan iya ganinka, hannun noma ake nema, wa ke da lokacin tambayar garin kakan wani?

Daga majalisa ya zama odita na jiha, kuma a wannan kujera ya gamu da abin da duk ma'aikacin gwamnati ya sani: a yanke hukunci a sama, kai da sa hannunka ke kan takarda ka sha zagi. A 1842 Bankin Jihar Illinois ya durƙushe, takardun kuɗin da ya buga suka kusa zama takardar tsire. Gwamna da ma'aji da odita suka fitar da sanarwa cewa ba za a karɓi kuɗin bankin wajen biyan haraji ba, sai zinariya ko azurfa. Ku duba fa, gwamnati ta ƙi karɓar kuɗin bankin da ke ɗauke da sunan jiharta, alhali manomi su ne kaɗai a aljihunsa. Mu da muka ga canjin kuɗi na farkon 2023 ba sai an yi mana dogon bayani kan yadda ran mutane ya ɓaci ba.

'Yan adawa suka samu nama. Wasiƙu suka fara fitowa a jaridar Sangamo Journal ta garin Springfield da sunan wata matar ƙauye wai ita Rebecca. Rebecca dai babu ita a duniya, shafin bogi ne irin na wancan zamani. Wasiƙar da ta fi zafi Lincoln ne ya rubuta ta. Ya kira Shields wawa kuma maƙaryaci, ya yi masa ba'a kan yadda yake ji da kansa a gaban mata. Sai budurwar Lincoln ɗin, Mary Todd, ita da ƙawarta suka ɗora nasu a kai. Shields ya aika wa editan cewa lallai sai an faɗa masa wanda ya rubuta, aka ba shi sunan Lincoln. Ya nemi a janye magana, Lincoln ya ce ba da wannan murya ake neman sa ya janye ba. Shi ke nan Shields ya ce to su haɗu a fili da makami, kamar yadda masu ji da mutuncinsu suke yi a lokacin.

Al'adar ita ce wanda aka ƙalubalanta shi ke zaɓen makami. Lincoln ya zaɓi takobi mafi girma irin na sojan doki, ya ce kuma a gitta katako a ƙasa tsakaninsu, kada wanda ya tsallake. Dalili a fili yake. Lincoln dogo ne, ƙafa shida da inci huɗu, ga dogayen hannuwa, Shields kuwa bai kai kusa da shi ba. Ranar 22 ga Satumba, 1842 suka haye daga garin Alton zuwa wani tsibiri a cikin Mississippi ta ɓangaren Missouri, saboda dokar Illinois ta haramta irin wannan faɗa. Allah ya sa abokai suka shiga tsakani kafin a zubar da jini. Lincoln ya bayyana cewa siyasa ce ta sa shi rubutun, ba niyyar ɓata mutuncin mutumin ba, aka watse. A watan Nuwamba ya auri Mary Todd ɗin. Har ƙarshen rayuwarsa ba ya son a tayar masa da wannan labari. Ni kuwa duk lokacin da na ga manya masu digiri suna zagin juna a ƙarƙashin sunan ƙarya a nan Facebook sai na tuna da shi, na ce ashe cutar tsohuwa ce, har Lincoln ta taɓa kamawa.

Kada ku ɗauka waliyyi nake kawo muku. Shields mutum ne mai saurin fushi da son a san da shi. Amma duk da wannan rigima, a 1843 ya zama alƙali a kotun ƙolin Illinois, shekara uku kacal bayan ya karɓi takardar ɗan ƙasa. A 1845 shugaba James Polk ya kira shi Washington ya ba shi shugabancin ofishin filaye na tarayya, ofishin da ke auna filayen gwamnati yana sayar wa jama'a. Ku tsaya a nan kaɗan. Fili fa. Wanda ya taɓa zama kusa da ofishin filaye a ƙasar nan ya san abin da nake nufi. Baƙon da ya sauko daga jirgin ruwa shekara ashirin da suka wuce aka damƙa wa littafin.

Da yaƙi ya ɓarke da Meksiko a 1846 ya ajiye aikin ya karɓi muƙamin birgediya janar na sojojin sa-kai. A gumurzun Cerro Gordo, cikin Afrilun 1847, harsashi ya ratsa masa huhu, kowa ya fitar da rai. Ya tashi, ya koma fagen daga, aka sake ji masa rauni a Chapultepec cikin Satumba. Wani abin tausayi a wannan yaƙi: a Churubusco, inda shi ma ya yi faɗa, a ɗaya ɓangaren akwai wata bataliya da yawancin 'yan cikinta baƙin haure ne 'yan Katolika, da yawansu 'yan Ayilan kamarsa, waɗanda suka gudu daga rundunar Amurka suka koma wa Meksiko. Da aka kama su, kusan hamsin aka rataye. Ƙasa ɗaya suka baro, wani ya zama gwarzo, wasu suka ƙare a igiya. Yaƙin kansa kuwa na ƙwace ne, a ƙarshensa Meksiko ta rasa kusan rabin ƙasarta, kuma Lincoln yana cikin waɗanda suka soki yaƙin a majalisa.

Yanzu ga wurin da na fi so ku saurara.

Ya dawo gida da suna. A watan Janairun 1849 majalisar dokokin Illinois ta zaɓe shi sanata, ya kayar da mai ci, Sidney Breese. A lokacin majalisun jihohi ne ke zaɓen sanatoci, sai a 1913 aka mayar da abin hannun talakawa kai tsaye. Ya tafi Washington a watan Maris, sai aka ce a dakata. Kundin tsarin mulkin Amurka ya ce sanata sai ya kai shekara 30, sai ya yi shekara 9 yana ɗan ƙasa, sannan ya kasance mazaunin jihar lokacin da aka zaɓe shi. Na majalisar wakilai shekara 25 da shekara 7. Kujerar shugaban ƙasa da ta mataimakinsa ne kawai aka keɓe wa haifaffen ɗan ƙasa. Aka buɗe fayil, aka ga takardarsa ta 21 ga Oktoba, 1840 ce. Aka ƙirga: shekara takwas da 'yan watanni. Saura wata bakwai da 'yan kwanaki. Ranar 15 ga Maris, 1849 Majalisar Dattawa ta soke zaɓensa.

Ga mutum da ramin harsashi a ƙirji saboda ƙasar, ga jam'iyyarsa da rinjaye a majalisar, amma aka ce malam lissafinka bai cika ba. Kuma ba a kansa aka fara ba. A 1794 an yi wa Albert Gallatin, haifaffen Suwizalan da jihar Pennsylvania ta zaɓa, irin wannan kora a kan wannan ƙa'ida. Shi daga baya ya zama sakataren baitulmali, ya fi shekara goma sha biyu a kai.

Me Shields ya yi? Ya koma Illinois ya jira. Oktoba ta zo, shekara tara ta cika, majalisar jiha ta sake zama ta sake zaɓensa a cikin watan, ya koma Washington ya zauna a kujerarsa har 1855.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan tun ranar da muka yi maganar nan a ofis. An tare shi a ƙofa, gaskiya ne. Amma abin da aka tare shi da shi lamba ce. Shekara tara abu ne da yake da ranar cika. Za ka iya rubuta ta a kalanda, ka yi haƙuri, ka tashi wata safiya ka ga ta wuce. Babu wanda ya ce masa ya koma Tyrone ya karɓo takarda daga dagacin ƙauyen kakansa. Ko masu ƙyamar baƙi na Amurka, ƙungiyar nan da ake kira Know Nothing da ta yi tashe a tsakiyar shekarun 1850 saboda tsanar 'yan Katolika, babban abin da suka nema a kan zama ɗan ƙasa shi ne a tsawaita jiran daga shekara 5 zuwa 21. Zalunci ne, amma ko shi lamba ce. Kuma kada a ɗauka 'yan Ayilan sun samu tarba ta hannu bibbiyu. A 1844 an ƙona coci-cocin Katolika a Philadelphia. Bayan yunwar da ta faro a Ayilan a 1845, wadda ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya ta kori wasu fiye da miliyan, sun cika biranen Amurka a tsiyace, ana yi musu kallon ƙazamai mashaya masu karya farashin ƙwadago. A cikin wannan yanayi Shields ya yi sanata.

Abin da ya ci shi a Illinois ma ba baƙuncinsa ba ne kaɗai, ƙuri'arsa ce. A 1854 abokinsa Douglas ya kawo dokar Kansas da Nebraska, wadda ta buɗe ƙofar shigar da bauta cikin yankunan da aka haramta ta tun 1820. Shields ya goyi baya. Jihar ta yamutse. A zaɓen Fabrairun 1855 a majalisar jiha, zagayen farko Lincoln ne a gaba, Shields na biye, wani Lyman Trumbull yana da ƙuri'a 5 kacal. Aka yi ta zagaye, 'yan Dimokurat suka saki Shields suka kama gwamnan jihar, Lincoln ya ga in bai yi wasa ba masu goyon bayan dokar za su ci, sai ya ce wa mutanensa su zuba wa Trumbull. Mai ƙuri'a biyar ya zama sanata. Siyasa ke nan, ko'ina kamarta ɗaya.

Daga nan labarin yana tafiya da sauri. Ya tattara ya koma Minnesota, wadda ba ta ma zama jiha ba tukuna, ya jawo 'yan Ayilan suka kafa ƙauyuka, har yau akwai wani wuri da ake kira Shieldsville. Da Minnesota ta zama jiha a watan Mayun 1858, yana cikin sanatocinta biyu na farko. Aka yi ƙuri'ar wanda zai ɗauki dogon wa'adi, ya jawo gajere, bai cika shekara ba wa'adin ya ƙare a Maris na 1859, 'yan Rifablikan suka karɓe kujerar. Ya wuce California, ya yi aure. Da yaƙin basasa ya tashi a 1861, wa zai sa hannu a takardar naɗa shi birgediya janar? Lincoln, mutumin da suka kusa sarar juna da takobi. Rundunarsa ce ta kori shahararren janar ɗin 'yan tawaye, Stonewall Jackson, a Kernstown ranar 23 ga Maris, 1862, ko da yake shi kansa yana kwance da rauni tun jiya, wani kanar mai suna Nathan Kimball ne ya ja ragamar a fili. A watan Yuni Jackson ya rama a Port Republic, tauraron Shields ya dushe, ya ajiye kaki a 1863.

A 1866 ya zauna a Carrollton ta jihar Missouri, yana noma yana 'yar siyasa. A Janairun 1879, yana tsoho ba shi da wani abin hannu, majalisar Missouri ta zaɓe shi ya ƙarasa ragowar wa'adin wani sanata da ya rasu. Mako biyar kawai ya yi a kujerar. Ranar 1 ga Yuni, 1879 ya mutu a Ottumwa ta jihar Iowa, inda ya je gabatar da lacca. A 1893 Illinois, da aka ce kowace jiha ta kawo mutum-mutumin 'ya'yanta biyu da take alfahari da su a ajiye a ginin majalisar tarayya, ta kai na wannan ɗan Tyrone.

Na san abin da wasunku za su rubuto mini, bari na riga ku.

Za a ce ai ɗan ci-ranin siyasa ne, duk inda kujera ta faɗi can yake. Akwai ƙamshin gaskiya. In ka haɗa zamansa na Minnesota da na Missouri bai kai shekara ɗaya cikakkiya ba, kuma shawo kan 'yan majalisar jiha ya fi shawo kan talakawa sauƙi. Amma a kowace jihar ya je ya zauna, ya yi shekaru kafin a zaɓe shi. A Missouri sai da ya shekara goma sha biyu. Mu da muke da 'yan siyasar da ba sa ganin mazaɓarsu sai lokacin kamfe, indijin ɗinsu kuwa babu mai ja, ban ga bakinmu na kiran wani ɗan ci-rani ba.

Za a kuma ce, kai malam, Amurkar da kake yabo fa? Wannan ita ce magana mai nauyi, kuma ban zo yabon Amurka ba. Ƙofar da ta buɗe wa Shields ta farar fata ce zalla. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1790 ta faɗa ƙarara cewa sai farar fata wanda ba bawa ba. Filin da ya raba wa 'yan uwansa a Minnesota na ƙabilar Dakota ne, an karɓe shi ta yarjejeniyoyin 1851. A 1857, yana shirin zama sanata karo na biyu, kotun ƙolin Amurka ta yanke hukuncin Dred Scott cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba, ko da kakan kakansa a can aka haife shi. Kuma ku ji abin da ya faru a 1870. Jihar Mississippi ta zaɓi Hiram Revels, baƙar fata na farko da zai shiga Majalisar Dattawa. A North Carolina aka haife shi a 1827, ɗa ne, bai taɓa zama bawa ba. Sai masu adawa suka ɗauko wannan ƙa'ida ta shekara tara da aka kori Shields da ita, suka ce ai baƙar fata bai zama ɗan ƙasa ba sai da gyaran tsarin mulki na 1868, don haka shekararsa biyu kacal. Mutumin da ya haura arba'in a ƙasar haihuwarsa ake ƙirga wa shekara biyu. Majalisa ta yi watsi da wannan hujja da ƙuri'a 48 da 8, aka rantsar da shi ranar 25 ga Fabrairu.

Ku ga bambancin mutum biyun nan. Shi Shields an ce masa jira wata bakwai. Shi Revels, abin da masu adawa suke faɗa a zuciyarsu shi ne jininka bai dace ba, lambar fakewa ce kawai. Da na ɗora labarin 'yar abokin aikina a kan sikeli, wallahi ya fi kama da na Revels. Abin da ya dame ni ke nan.

Domin mu duba namu kundin. Sashe na 27 na tsarin mulkin 1999 ya ce baƙo daga wata ƙasa zai iya neman zama ɗan Najeriya bayan shekara 15 yana zaune. Ɗan Lebanon yana da lamba. Ɗan Indiya yana da lamba. Amma ɗan Najeriya da kakansa ya tashi daga wannan jiha ya koma waccan, shi babu lambar da zai jira. Shekara 50 ba ta isa ba, 100 ma ba ta isa ba. Sashe na 42 ya hana nuna wariya saboda asali, sashe na 147 kuma ya ce minista daga kowace jiha sai ɗan asalinta, ba tare da an faɗi ranar da mutum yake zama ɗan asali ba. Sai aka bar abin a hannun wani ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma, ya kalli sunanka ya kalli fuskarka. Ba na zagin ma'aikacin, ni ma na taɓa zama a kwamitin tantancewa, na ga fayil mai kyau na ture shi gefe saboda layi ɗaya a fom. Umarni aka ba mu, amma hannuna ne ya ture.

Har alƙalai abin bai bari ba. A 2020 majalisar dokokin Kuros Riba ta ƙi tabbatar da Mai shari'a Akon Ikpeme a matsayin babbar alƙaliyar jiha saboda asalin iyayenta Akwa Ibom ne, alhali a jihar ta yi aikinta, ɗan jihar take aure, kuma Akwa Ibom ɗin ma sai a 1987 aka yanke ta daga Kuros Riba. Sai da aka yi ta surutu kafin a rantsar da ita a 2021. Kuma ba haka muka taso ba. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Enugu na farko, da ƙuri'a.

Ban raina tsoron ƙananan ƙabilu ba. Wanda yake ganin in aka buɗe ƙofa za a shanye shi a ƙasar kakanninsa, ba hauka yake ba, ga Dakota nan a labarin da na ba ku. Sarautar gargajiya a bar wa masu ita, ba ni da ja. Filin gado a kare shi da doka. Amma tallafin karatu, da gurbin makaranta, da aikin gwamnati, da kuɗin harajin kowa ake yin su, kuma abokin aikin nan nawa daga albashinsa ake cire haraji kowane wata kamar yadda ake cire nawa, jiha ɗaya ke karɓa. Abin da nake cewa a sa lamba. In goma ta yi kaɗan a ce goma sha biyar kamar ta baƙon waje. In har yanzu ana tsoro a ce ashirin da ɗaya, mu yi daidai da Know Nothing. A ce wanda aka haifa a nan kuma ya yi firamare da sakandare a nan ya wadatar. A yi gardama a kan adadin, a majalisa, a fili, kowa ya ji. Ana cewa baƙo raɓa ne, to raɓar da ta kwana shekara saba'in a gona fa, me sunanta?

Fom ɗin yarinyar ranar Juma'a za a rufe. Uban ya nemi hutun kwana biyu an ba shi. Gobe da asuba zai shiga mota zuwa garin da bai taɓa kwana a cikinsa ba, da hoton mahaifinsa a aljihu, ya ga ko zai samu wani dattijo da ya tuna gidansu ya rako shi wajen dagaci.